Ɗakin da Ƙarfe Ba Ya Shiga

…kuma wai ni ce ba zan shiga ba. Ni. Ni da na yi naƙudar yarinyar nan a durƙushe, ba likita ba allura, ni aka tare a bakin ƙofa kamar wadda ta zo bara. Wata 'yar mitsitsiya mai shuɗiyar riga, wai ita ce mai kula da na'urar, ta dube ni sama da ƙasa: "Iya, akwai ƙarfe a jikinki?" Wane ƙarfe, jikin mutum garma ne? Ban ma gama buɗe baki ba ƙanwata ta cafe. "Akwai batir a ƙirjinta, na zuciya." Wa ya tambaye ki? Ƙirjinki ne? Tun muna yara haka take, a yi wa wani tambaya ita ta amsa.

"Ayya Iya, to ba ki ƙetare layin nan. Maganaɗisu ne a ciki, zai iya tsayar miki da shi."

Layi rawaya a ƙasa. An ja mini layi, ni da gemun tsufa… mace ba ta da gemu, to furfura. Mutum ɗaya ake bari ya shiga ya riƙe wa marar lafiya ƙafa. Mutum ɗaya. 'Yata ce, jinina ce, amma ƙanwata ce ta zare awarwaro ta zare agogo, tana murmushin nan nata na waɗanda suka yi boko: "Yaya, ki zauna ki huta, yanzu za mu fito." Mu. Za mu fito.

To ga ni na zauna. Kujerar roba mai sanyi, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, duk motsi sai ta yi ƙwas. Bango fari, agogo ba ya tafiya, wani dattijo can yana barci baki buɗe — a asibiti, gaban mata, ba kunya. A tafin hannuna 'yan kunnenta, zobe, da filin gashi guda biyu. Abin da aka bar mini ke nan. Ajiya. Ni ce akwatin ajiya.

Na'urar ta fara. Ina jin ta ta bayan ƙofa — gau, gau, gau… kamar maƙera sun taru a kan kai. A cikin wannan suka zura mini 'ya? Na leƙa kafin su rufe, rami ne fari, zagaye, da gado siriri da ke shigewa ciki. Sun cire mata kayanta sun ba ta wata riga mai igiya a baya, ko ɗankwali da ƙyar. Matar aure, malamar makaranta, wadda yara ke miƙewa in ta shigo aji. Ta kwanta sambal. Ba ta dubi inda nake ba… ko ta duba? Ƙofar ce ta riga ni.

Sun danƙa mata wata 'yar ƙwallon roba a hannu. Wai in ta ji tsoro ta matsa, su tsayar. Ka ji zamani. A ba babba abin kuka a hannu. Ba za ta matsa ba. Na san abin da na raina. Ranar da tafasasshen ruwa ya zubo mata a ƙafa, tana 'yar ƙarama, dubanta kawai na yi, ta haɗiye kukan, har maƙwabta na cewa wannan yarinya dutse ce. Ba dutse ba ce, tarbiyya ce. Kuka bai taɓa warkar da ƙuna ba.

Em-Ar-Ai. Haka ƙanwata ke faɗin sunan na'urar, tana wani lanƙwasa harshe kamar sunan ɗanta na fari. Ɗan da ba ta haifa ba… astagfirullah. A'a, ba gori na yi ba, Allah ne bai ba ta ba. Amma ni ya ba. Ni ya ba, ita ta ɗauka. Aro na ba ta. Makarantar 'yan mata na kusa da gidanta, namu nesa, na ce to ta zauna wajenki ta yi karatu, hutu ta dawo. Hutun farko yarinya ta sauko daga mota da takalmi mai maɗauri, tana cewa "Mama ta ce in gaishe ki, Inna." Mama. Ni Inna, ita Mama. Na yi shiru. Da na yi magana a ce babba da kishin ƙanwarta. Shirun nan ne har yau nake ci.

Gau-gau-gau… ta canza murya, yanzu kamar keken ɗinki da ya haukace.

Likitan ma ƙanwata yake kallo. Ranar da na bi su ofishinsa — bi na yi, don da ba su so in zo ba — ina zaune gabansa, ni ce uwa, amma idonsa na kan 'yar boko mai tabarau. Da Hausa yake yi, ai ina ji, ba kurma ba ce ni. Ƙari ne a jikin ƙwan haihuwa, na hagu. Hoton farko, wanda ake shafa mai a mara a goga, ya gan shi amma bai iya rarrabe ko wane iri ba ne. Wannan babbar na'urar kuwa tana bambance ruwa da kitse, jini da tsoka. In ta nuna mai sauƙi ne, za su yanka kaɗan su ɗauke shi su bar mata sauran, ko Allah zai sa rabo. In ta nuna mugun ne, wanda ba na son kama sunansa… duka za su kwashe. Har mahaifa.

Na ce, "Ba ta ƙarya?"

Sai a lokacin ya juyo. "Iya, a goma takan dace a kamar tara. Magana ta ƙarshe sai an ciro shi an duba."

Tara. To ɗayan fa? Ɗayan 'yar waye? Ita ma ai da uwarta. Ƙanwata har da gyaɗa kai, "Ai tara da yawa ne, Yaya." Da yawa ne ga wadda ba ta san yadda ake ƙirga 'ya'ya a rasa ɗaya ba. Ni na haifi shida, na san nauyin ɗaya. In na'urar ta ce mugu alhali mai sauƙi ne, sun kwashe wa yarinya komai a banza. In ta ce mai sauƙi alhali… kai. Kai, bar shi.

Amma wa ya aike ni raina tara? Ni nawa na ci?

Ido na nake taƙama da shi. Duk unguwa an sani, mace ta gifta ta ƙofar gidana in ce wannan ta ɗauka, kafin ita kanta ta sani. Daga wuya nake gani, daga yadda take sa ƙafa. Ban taɓa faɗi ya tashi ba. To na ga 'yata ta zo gaishe ni, ta zauna a tabarma da dabara, hannu a mara. Na ga ta sassauta ɗaurin zani. Na zuba mata abinci ta ci loma kaɗan ta ture, wai ta ƙoshi. Zuciyata ta buga, har batirin nan na ji kamar ya yi tsalle. Shekara da shekaru da aure shiru, dangin miji na ta gunaguni… na ce Allah ya amsa. Ban ce mata komai ba, ba a yi wa irin wannan baki. Na je kasuwa da kaina, na sayo zaren ulu, fari da ruwan ƙwai. Da idon nan nawa da ba ya ganin ramin allura, na zauna na saƙa hula. 'Yar ƙarama, kamar ta rufe lemo. Da safa, ƙafa ɗaya na gama…

Tana ƙarƙashin katifa. Ba wanda ya sani. Ba kuma wanda zai sani.

Har fushi nake yi a lokacin, ina ganin motar ƙanwata na zuwa ɗaukarta, suna ƙus-ƙus a zaure, in na fito su yi tsit. Na ce wato ciki ma sai ta fara kai wa Mama albishir. Ashe asibiti suke zarya. Ashe tun damina yarinya ke kwana a dunƙule. Mijinta ya sani. Ƙanwata ta sani. Direban ƙanwata ma ya sani, tunda shi ke kai su. Ni, ina can ina ƙirga idon saƙa kamar sakarya.

Da bakin surukina na ji. Ya durƙusa yana ta murza hula, "Inna, ba mu so hankalinki ya tashi ne, saboda zuciyarki." Zuciyata. Kowa ya samu abin fakewa. Batirin nan da ita yarinyar ta matsa sai an sa mini, ta yi ta roƙo har na yarda, yau shi ne katangar da aka gina tsakanina da ita. Da na sani da na bar zuciyar ta yi abin da ta ga dama.

Shiru… sun tsaya. Ta matsa ƙwallon ne? A'a. A'a, ga muryar 'yar shuɗiyar rigar nan ta lasifika: ja numfashi… riƙe… kar ki motsa. Sun ce akwai allurar da za su yi mata a tsakiya, ruwa ya bi jini ya haska ƙarin. Ga shi ta ci gaba.

Me ƙanwata ke yi mata a ciki yanzu? Shafa mata ƙafa, na sani. Ƙanwata akwai shafa. Akwai "sannu 'yar lele", akwai "ina ne ke ciwo". Abin da ba ta sha wahalarsa ba ai dole ta lallaɓa. Ita ta yi goyo da zazzaɓi? Ita ta wanke kashi da ruwan sanyi, hannu na tsagewa? Ta karɓi yarinya an yaye, an horar, ta iya girki ta iya gaisuwa, sai ta ɗora mata turare da littafi ta zama Mama. Ni na yi noma, ita ta zo da buhu.

Tun farko ma ita aka zaɓa. Mahaifinmu ya ce ɗaya za ta je makaranta ɗaya ta taya uwa aiki. Aji biyu na yi aka cire ni, don ni ce babba, ni ce mai ƙarfi. Ita mai laulayi, ita ta dace da benci. Ni na wanke mata rigar makarantar, ni na goge da dutsen guga mai gawayi, ta sa ta fita tana taku. Yau ga ta can cikin ɗakin da ake shiga da ilimi, ni ga ni da filin gashi a hannu.

Kuma akwai abin da ya haɗa su wanda ni ba ni da shi. Wannan ne ke ci na. Su biyun sun san zaman jira, wata ya zo ya wuce ba labari. Sun san kallon da ake yi wa mace a gidan suna… ni ban sani ba. Ni ko wankin miji na taɓa sai ciki. Me zan ce mata? Na ce mata ta yi haƙuri ta riƙe salla. Ƙarya na yi? Ba gaskiya ba ce? Amma wajen waccan take zuwa ta yi kuka. An ce mini tana kuka a can. Ni rabon da in ga hawayenta…

Yaushe ne ma?

Ranar da ta fara ganin al'ada, ta zo tana riƙe da mara, fuska duk ta yamutse. Na ce tashi ki ɗauki tsintsiya, kowace mace da nata, ba a tallan ciwon mara. Haka uwata ta ce mini, ban mutu ba. Ta tashi ta yi shara tsaf, har bayan randa. Na ji daɗi a raina na ce wannan za ta iya zaman duniya. Kuma ta iya. Wa ya taɓa jin kanta a gidan miji? Wa ya taɓa kawo mini ƙararta?

Wannan abu mai ƙara, ƙarfe da waya, yana can yana kallon cikin 'yata filla-filla. Wurin da ni na ɗauka wata tara ban gani ba. An ce yanka-yanka yake nunawa kamar an yanka albasa, ba wuƙa ba jini. Bai san sunanta ba. Bai san tana tsoron tsawa ba, bai san ba ta cin abu mai ɗaci ba. Amma shi za a tambaya. Abin da ya faɗa shi likita zai bi da wuƙarsa. Ni da na san ta tun ba ta da haƙori, an tambaye ni? Gara ma da ba a tambaye ni ba. Da na ce hula za a saƙa.

Har na'ura nake kishi da ita. Tsufa ya zo da abin kunya.

Ya Allah, ka sa ta cikin taran nan. Ka sa ruwa ne, ko kitse, irin wanda likitan ya ce ana ɗaukewa a manta. In ma ba rabon haihuwa, ka bar mini ita. Ka bar mana… to, mana. Na faɗa. Ka bar mana ita, ko da Maman ce za ta ci gaba da kira.

Shiru kuma. Wannan shirun daban ne. Ƙofa…

Ga su. Ƙanwata a gaba, ido ja — kuka ta yi? A gaban marar lafiya? Wannan ce aka zaɓa ta ba da ƙarfin gwiwa? Yarinyar a baya, ta mayar da kayanta, auduga manne a gwiwar hannu, tana tafiya kamar mai taka ƙwai. Ta rame. Yaushe wuyanta ya zama haka? Ni da nake gani daga wuya…

"Iya, 'yarki jaruma ce," in ji mai shuɗiyar riga. "Ko yatsa ba ta motsa ba. Wasu sai mun sake sau biyu sau uku, motsi kaɗan ke ɓata hoto likita ya kasa karantawa. Nata ya fito tas."

Kin ji ko, 'yar boko? Kin ji? Wa ya koya mata? Shafar ƙafarki ce ta hana ta motsi? Ni ce. Ni na koya mata kwanciya da ciwo ba a ji ba a gani. In hoton nan ya faɗi gaskiya, da hannuna a ciki. Ba a bar ni na shiga ba amma ina ciki, ni ce na riƙe ta a ramin nan, ba…

Ba a ji ba, ba a gani ba.

Tun damina.

Ta zauna a tabarmata, hannu a mara, ta ce lafiya lau Inna. Ko yatsa ba ta motsa ba.

Sakamako ba yau ba, wai sai likitan hoto ya zauna ya karanta. Ƙanwata ta ɗauki jaka, ƙwas-ƙwas, ta tafi tambayo ranar da za a dawo. Ai ita ta san ƙofofi. Kujerar kusa da ni ta yi ƙara. Yarinyar ce. Ga kujeru birjik, nan ta zauna. Warin asibiti a jikinta, hannunta sanyi ƙalau ya taɓa nawa. Kayanta take so. Na buɗe tafi, sun yi gumi, zoben ya bar mini shaida a fata.

Ba ta karɓa ba. Ta ɗage ɗankwali ta juyo mini da kunne.

Ni na huda kunnen nan, da allurar ɗinki da zare, tana jaririya. Ta tsala ihu a ranar, har na ji daɗin ƙarfin muryar. Yanzu ina ramin? Na lalluba. Ba na gani, tabarau na gida. Na soka a gefe — ta ɗan runtse ido kawai. Ce wani abu mana. Ce Inna kin soke ni. Ce…

"Inna." Can ƙasa, kamar ba da ni take ba. "Tsoro nake ji."

Ni ta faɗa wa. Ba Mama ba. Ni.

Ga ta nan ta taso, kalmar, ta zo har bakin haƙori. Daure. Ita kaɗai gare ni, ita aka ba ni, ita na ba su duka. Na danne ta da harshe. To in ba ita ba, me? Me ake cewa? Waccan ta sani, tana da su buhu-buhu, sannu, ina nan, ba komai 'yar lele… a bakina za su fito kamar aron zani. Yarinyar na jira. Kunnenta na hannuna, ɗumi, ɗan kunne ɗaya ya shiga ɗaya bai shiga ba. Batirin na bugawa, ƙarfe a ƙirji, ƙarfe…

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Takalmin ƙanwata, daga ƙarshen baranda. Tana dawowa.

Buɗe baki, tsohuwa. Kafin ta iso. Ko me ne… buɗe…